Kafin Ka Ce "A Ba Ni Na Ciwon Jiki": Yadda Ake Zaɓen Maganin Rage Raɗaɗi a Kemis

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa ka rasa fanadol, ko a kan taga, ko cikin jakar uwargida, ko a aljihun maigida. Ɗan dako yana sha kafin ya kwanta, direban Adaidaita Sahu yana sha kafin ya fita, budurwa tana sha idan mara ta murɗa, ana ba yaro da zarar jikinsa ya ɗau zafi. Yawan sabo ya sa mun daina ɗaukar waɗannan ƙwayoyi a matsayin magani mai ƙa'ida. Suna da ƙa'ida kuwa, kuma wanda ya karya ta yana iya biya da hantarsa ko ƙodarsa, ko tumbinsa ya yi ta zubar da jini bai sani ba.

Tambayar da aka fi yi wa mai kemis ita ce, "Wanne ya fi ƙarfi?" A ganina wannan ce tambayar da ya kamata ta zo ƙarshe. Abin da ke gaba shi ne wa zai sha, me ke jikinsa, kuma me ya riga ya sha yau. Ƙwayar da ta yi wa saurayi lafiyayye daidai, ita ce za ta iya kwantar da kakarsa a gadon asibiti.

Mataki na farko: wannan ciwon na kemis ne?

Maganin rage raɗaɗi ba ya warkar da cuta. Rufe wa ciwo baki yake yi na 'yan awoyi, kuma akwai ciwon da bai kamata a rufe masa baki ba, domin kira yake yi a kai ɗauki. Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa jin kamarsa ba, na asibiti ne. Haka wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi da ƙura lokacin da sanƙarau ke yawo. Haka wanda ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Ciwon ƙirji mai danne mutum, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ga gumi, ba a tsaya masa a kemis. Ciwon ciki mai tsanani da ya sa ciki ya yi tauri shi ma haka. Mai juna biyu da ke fama da ciwon kai, tana gani dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura, awon jini take buƙata yau ɗin nan, domin haka hawan jinin masu ciki ke fara nuna kansa kafin jijjiga. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, kowane zazzaɓi a jikinsa na likita ne.

Sai batun zazzaɓi gaba ɗaya. A yankinmu, duk wanda jikinsa ya yi zafi ya kamata a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar, ba sai an kwana uku ana jarraba fanadol ba. Gwajin ɗigon jini na yatsa ba ya wuce minti 20. Fanadol yana saukar da zafin jiki, amma ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa cikin jini, kuma a jikin ƙaramin yaro kwana biyu ya isa abu ya kai ga ƙarancin jini ko suma. A ba da fanadol don yaro ya samu sauƙi, amma a kan hanyar gwaji.

Mataki na biyu: ka san gidan da maganin ya fito

Kwalaye sun cika kanta, launi iri-iri, amma abin da ke cikinsu bai wuce gida biyu ba.

Gida na farko farasitamol ne, wanda muke kira fanadol ko wane kamfani ya yi shi. A jikin kwali za ka ga an rubuta Paracetamol. Idan ɗan'uwa ne ya kawo tsaraba daga Amurka, Acetaminophen za ka gani, kuma abu ɗaya ne. Panadol, da na Emzor, da Doliprane da Efferalgan da aka fi sani a Nijar, duk shi ne. Yana saukar da zazzaɓi, yana rage ciwo, ba ya cin tumbi, amma ba ya yin wani abin kirki ga kumburi. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma a nan haɗarinsa yake. Idan an sha daidai, hanta tana kawar da ɗan gubar da ke fita daga cikinsa. Idan an zarce, gubar ta fi ƙarfin hanta, sai ta fara kashe ta.

Gida na biyu shi ne dangin ibufurofen: shi kansa, da asfirin, da daikulofenak, da firoksikam, da nafuroksen. A kwali su ne Ibuprofen, Aspirin, Diclofenac, Piroxicam da Naproxen. Waɗannan suna hana jiki samar da wani sinadari mai jawo kumburi da raɗaɗi, shi ya sa suka fi tasiri a kan ciwon haƙori, da ciwon mara, da targaɗe. Sai dai wannan sinadarin da suke hanawa, shi ne ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, kuma shi ke taimaka wa jini ya isa ƙoda lokacin da jiki ya rasa ruwa. Wanda ya riƙe wannan magana ɗaya zai gane dalilin kusan duk hanin da zai biyo baya.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne sunan kamfani. Ka bar babban sunan da ke gaban kwali, ka nemi ƙananan rubutun da ke faɗin abin da ke ciki. Brufen ibufurofen ne. Cataflam da Voltaren daikulofenak ne. Felvin da Feldene firoksikam ne. Garin Alabukun asfirin ne miligiram 760 tare da kafeyin, wato sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da kofi. Panadol Extra farasitamol ne da kafeyin. Ibucap ya haɗa ibufurofen da farasitamol da kafeyin a kafso ɗaya. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip kuwa akwai farasitamol a cikinsu. Mai mura da ya sha Procold, ya bi shi da fanadol biyu saboda ciwon kai, sannan ya ƙara da Ibucap saboda ciwon gaɓoɓi, farasitamol ya sha sau uku yana zaton magani uku daban ya sha.

Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito. Ba a haɗa magani biyu masu farasitamol a lokaci guda. Ba a kuma haɗa biyu daga dangin ibufurofen, domin sauƙin ba ya ƙaruwa, haɗarin zubar jini ne ke ninkuwa. Baligi lafiyayye yana iya haɗa farasitamol da ibufurofen idan ɗaya bai isa ba, tunda gidajensu daban.

Mataki na uku: ka dubi jikin wanda zai sha

A nan zaɓi yake, kuma a nan aka fi yin gaggawa.

Mai gyambon ciki, wanda muke ce wa olsa, ko wanda ya taɓa aman jini ko baƙin bayan gida, ya nisanci dangin ibufurofen gaba ɗaya. Shan su bayan cin abinci yana rage ƙwannafi, amma ba ya kawar da haɗarin, domin ta cikin jini suke raunana bangon tumbi. Abin takaici, mai olsa ne zai ji ciki na ci, ya aika a sayo masa Alabukun.

Mai ciwon ƙoda ma haka, har da wanda ke kan hanyarta bai sani ba, wato mai ciwon suga ko hawan jini na shekaru. Wannan ya fi muhimmanci a wurare irin su Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a. Akwai wani haɗi da likitoci ke tsoro ƙwarai: mutum yana shan lisinofuril ko losatan don hawan jini, yana shan ƙwayar sa fitsari irin su Moduretic ko Lasix, sannan ya ɗora daikulofenak saboda ciwon gwiwa. Waɗannan ukun idan suka haɗu suna iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Ban da haka, dangin ibufurofen suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa, wanda zuciyarsa ta yi rauni kuma ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Mai hawan jini ya tsaya a farasitamol. Ko shi ɗin ma, ya zaɓi na haɗiya, ya bar irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa, domin akwai gishiri mai yawa a cikinsa.

Ina so in daɗe kaɗan a kan masu aikin ƙarfi, domin su ne suka fi shan waɗannan ƙwayoyi kuma su ne aka fi mantawa da su. Lebura a wurin gini, manomi a fadama, mai tura baro a kasuwa, duk sun yini a rana, gumi ya tafi da ruwan jikinsu. Ƙodarsu a wannan lokaci tana dogara ne kacokan da wancan sinadarin da na ambata don jini ya ci gaba da isa gare ta. Sai magariba ta yi, a haɗiye firoksikam ko daikulofenak don gobe a iya tashi. Idan aka maimaita haka kullum, ƙodar ake ci. Wanda ya yini a rana ya fara da ruwa har fitsarinsa ya washe, ya ci abinci, sannan idan jiki bai saki ba ya sha farasitamol. Wannan hukunci ya shafi mai gudawa ko amai, kuma ya shafi mai azumi. Shan ibufurofen da sahur sannan a yini ba ruwa a zafin Afrilu ba dabara ba ce. Idan dole ne, bayan buɗa baki, an ci an sha, ya fi.

Mai ciwon hanta, ko mai shan barasa kullum, ko wanda ya rame ƙwarai saboda jinya ko yunwa, a wurinsa farasitamol ne ke buƙatar taka-tsantsan. Ba lallai a hana shi ba, likitoci sukan rage masa zuwa giram 2 a yini, kuma ga wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance dangin ibufurofen sun ma fi haɗari. Irin wannan majinyaci likitansa ne zai yanke masa adadi, ba mai kemis ba.

Mai asma ya lura: wasu daga cikinsu asfirin da ibufurofen suna tayar musu da ciwon. Wanda ya taɓa jin ƙirji ya toshe, ko jiki ya yi borin jini, ko leɓe ya kumbura bayan ya sha ɗaya daga cikin dangin, ya bar su duka. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko mai shan firedinisolon ko dekzametazon, wato magungunan danne kumburi masu ƙarfi, kada ya taɓa dangin ibufurofen sai da izinin likita. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin miligiram 75 don zuciya, irin su Vasoprin, ya sani wannan ba na ciwon kai ba ne, kuma ibufurofen yana iya rage masa aiki.

Ke mai juna biyu, farasitamol ne naki, a mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, na ɗan lokaci. A watan Oktoban 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki su guji dangin ibufurofen daga mako na 20, domin suna taɓa ƙodar ɗan tayi har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. A watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Ƙaramin asfirin da ake rubuta wa wasu a wurin awo don kare su daga hawan jini daban ne, ki ci gaba da shi yadda aka ce. Mai shayarwa tana iya shan farasitamol ko ibufurofen, amma ta bar asfirin da duk abin da ke da kodin.

Tsofaffi da suka haura shekara 65, ƙodarsu da tumbinsu ba kamar da ba. Idan Baba ko Iya na kukan gwiwa, a fara da farasitamol da man shafawa mai daikulofenak, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Kada a mai da Felvin abincin dare.

Yara kuwa, asfirin haramun ne gare su a likitance har su kai shekara 16, saboda wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta da ake kira cutar Reye, wadda kan biyo bayan mura ko ƙarambau. Alabukun yana cikin wannan hani. Ibufurofen ba a ba jaririn da bai kai wata 3 ko kilo 5 ba, ba a ba mai ƙarambau, ba a ba yaron da gudawa ta tsotse.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: zazzaɓin da ba a gano kansa ba, farasitamol kawai. Zazzaɓin Lassa yana ɓulla kowace shekara a jihohi irin su Bauchi da Taraba, an kuma tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a Sakkwato a ƙarshen 2023. Dukkansu suna iya jawo zubar jini, asfirin da ibufurofen kuma suna ƙara buɗe masa hanya.

Mataki na huɗu: wane irin ciwo ne

Idan jiki ya ba da dama ga gidajen biyu, zaɓin mai sauƙi ne. Ciwon kai na gajiya, zazzaɓi, da ciwon jikin mura, farasitamol. Ciwon mara na haila, ciwon haƙori, targaɗe da duk abin da ya kumbura, ibufurofen ya fi, kuma ga mai haila ya fi aiki idan an sha da farawar ciwon. A cikin dangin, ibufurofen a ƙaramin adadi ne ya fi sauƙi ga tumbi. Firoksikam na cikin waɗanda suka fi cin tumbi kuma yana daɗewa a jiki, daikulofenak kuma ya fi nauyi ga zuciya, don haka su biyun a bar wa likita ya rubuta. Kada a danna asfirin a ramin haƙori, ƙona dasashi yake yi. Ciwon baya ko wuya na wuri ɗaya, man zafi da gashin ruwan ɗumi sukan wadatar, amma ba a shafa su a kan rauni ko a hancin jariri.

Mataki na biyar: a gaban kanta

Inda ka saya yana da muhimmanci kamar abin da ka saya. Kantin magani mai ƙwararren masanin magunguna ya fi. Idan babu, kemis mai lasisin hukumar PCN, wadda ke kula da sana'ar magunguna a Najeriya. Mai tallar magani a faranti ko a bayan keke, da mai shela cikin mota, a bar su. Yawancin waɗannan ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai kuwa yana haura 40 a bazara, balle farantin da ya yini a rana.

Ka faɗa wa mai kanti gaskiyar jikinka tun kafin ya miƙa hannu kan kanta. "Malam, ina da olsa, ina kuma shan maganin hawan jini, me ya dace da ni?" Wannan jimla ɗaya ta fi duk wata dabara. Idan aike ne, kada a tura yaro da "a ba shi na ciwon jiki". A rubuta sunan maganin a takarda.

Sannan babbar matsalarmu, haɗi. Mutum ya ce, "Haɗa mini na ɗari biyu," a ɓalle ƙwayoyi biyar ko shida daga katinsu a zuba a leda, ja da fari da rawaya, a ce a haɗiye gaba ɗaya. Ba suna, ba ranar lalacewa, ba adadi. A cikin irin wannan haɗi akan samu biyu daga dangin ibufurofen tare, a ɗora dekzametazon ko firedinisolon don mutum ya ji garau da safe. Garau ɗin gaskiya ne, shi ya sa ake komawa. Amma wannan haɗin ne ya fi kowane saurin huda tumbi, kuma wanda ya daɗe a kansa sai fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Matsayata a nan ba ta da sassauci: ƙwayar da ba ka ga sunanta a katinta ba, kada ta wuce maƙogwaronka. Idan kuɗinka bai kai kati guda ba, a yanko maka da almakashi ta inda sunan ya fito.

Ka duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a kwali, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa. Idan akwai wurin kankarewa, ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya kamar yadda aka rubuta, tsarin da hukumar ta fara tun 2010. Ƙwayar da ta canza launi, ko take marmashewa, ko katin ya huje, a mayar. Ruwan maganin yara ya fi buƙatar wannan bincike, kuma muna da dalili mai ɗaci. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka gano an haɗa da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. A 2022 irin wannan guba cikin ruwan maganin tari da mura ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Kwalbar da ba lamba, ko hatiminta a karye, kada ta shiga gida. Fitar haƙori kuma ba ta buƙatar wani haɗin musamman.

Idan aka miƙo maka taramol ko wani abu mai kodin ba tare da takardar likita ba, ka ƙi karɓa. Ba su cikin magungunan da ake saya kai tsaye. Taramol da aka amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100, masu 225 da ake gani a hannun matasa haramtattu ne. Yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi. Gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan ɓarnar da ya yi, mu a Arewa kuwa mun ga ɓarnar da idonmu. Haka Novalgin ko Analgin da tsofaffi ke tunawa, NAFDAC ta haramta shi tun 2005.

Mataki na shida: lissafin adadi

Baligi mai nauyin kilo 50 ko fiye yana shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1,000 a lokaci guda, da tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce miligiram 4,000 cikin awa 24. Idan ƙwayar mai 500 ce, takwas ke nan iyaka, har da wanda ke ɓoye cikin maganin mura. Wanda bai kai kilo 50 ba ya tsaya a ƙwaya ɗaya mai 500 a kowane sha. A lura da kyau a nan: a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da magungunan Faransa, Doliprane mai miligiram 1,000 ya zama ruwan dare. Wanda ya saba da "biyu-biyu" a Kano, idan ya yi haka da wannan a Maraɗi ya ninka adadi. A karanta lambar da ke kan kati kullum.

Ibufurofen miligiram 200 zuwa 400 ne, da tazarar awa 6 zuwa 8, bayan an ci abinci, da ruwa kofi guda. Ba tare da likita ba kada a wuce 1,200 a yini.

Na yara da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ko ƙiyasin ido ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, kada a wuce sau 4 cikin awa 24. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. Idan kwalbar mai 125 ce a cikin mililita 5, mililita 6 ke nan. Amma akwai na ɗigawa na jarirai, mai miligiram 100 a kowace mililita ɗaya, wanda mililita ɗaya da rabi ce ta isa wannan yaron. Uwar da ta auna mililita 6 daga wannan ƙaramar kwalba ta ba ɗanta ninki huɗu. Ibufurofen na yara miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, sau 3 a yini iyaka. A auna da ɗan kofin da ya zo da kwalbar ko da sirinji marar allura, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. A gidan da hannu ya yi yawa, a rubuta lokacin da aka ba yaro magani, kada uwa ta ba shi, kaka ta shigo ta ƙara, goggo ta zo ta sake.

Mataki na bakwai: yaushe za a tsaya

Zazzaɓin da ya kai kwana 3, ko ciwon da ya kai mako guda ana shan magani bai tafi ba, ya fita daga hannun kemis. Mai sikila da ciwon ƙashi ya ƙi lafawa a gida, ko ya haɗu da zazzaɓi ko ciwon ƙirji, kada ya jira ko da kwana ɗaya. Mai yawan ciwon kai kuma ya ƙirga kwanakin da yake shan magani a wata. Idan sun kai 15, ko 10 ga masu kafeyin a ciki, maganin da kansa yana iya zama mai dawo da ciwon, kuma ƙara ƙwaya ba zai fitar da shi ba.

A daina dangin ibufurofen nan take a nufi asibiti idan bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko an yi aman jini, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ƙafafu da fuska sun kumbura, ko numfashi ya toshe. Kowane magani aka sha, idan fata ta fara ɗuri tana saɓulewa, ko baki da idanu suka yi gyambo, a tsaya a nemi likita.

Farasitamol da ya yi yawa yana da yaudara. A ranar farko mutum yana iya jin lafiya lau, ko ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya, lokacin hanta ta riga ta ji jiki. Akwai makarinsa a asibiti, kuma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 8 da shan maganin. Don haka idan yaro ya samu kwalba ya kwankwaɗe, ko babba ya zarce adadi bisa kuskure ko da gangan, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a jira alama. A ɗauki katin ko kwalbar, a tuna lokacin da ya sha, a tafi asibiti mafi kusa.